Na Huɗun da Ban Faɗa Ba

Shekarun baya, tun ana kashe sule da fam, tun Garki tana ƙauye mai 'yar kasuwa da gonakin doya har gindin duwatsu, na taɓa yin magana a gaban taron dattawa. Ita ce maganata ta farko a bainar jama'a, kuma har yau ban ƙarasa ta ba. Jikata ce ta tuno mini da ita makon jiya, da ta zo tana haddace jawabin da za ta yi a muhawarar makarantarsu. Shi ne na ce bari in rubuta muku labarin daki-daki, don ni ban iya ba da labari a hargitse ba. Zan fara da mutanen, sannan abin da ya faru, sannan yadda aka ƙare.

Mu ba 'yan asalin wurin ba ne. Daga tsohon garin Abuja muka zo, wanda yanzu ake kira Suleja, bayan rasuwar mahaifina. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya ɗauko mu. Yana da rumfa a kasuwa inda yake sayar da gishiri da kanwa. Masu ƙasar Gbagyi ne, manoma, mu a lokacin Gwari muke ce musu. A gefen gari kuma akwai wata 'yar rugar Fulani da ta daɗe a wurin. Gishirin kawu yana shiga miyar manoma, kanwarsa tana shiga cikin shanun Fulani, saboda haka kowa nasa ne. In rigima ta tashi, shi ake aika wa.

Kawu dogon mutum ne, siriri, mai son zolaya. Muryarsa kuwa, in ya yi sallama a bakin kasuwa, mahaucin da ke can ƙarshe sai ya amsa. A ƙuruciyarsa ya zauna a Zariya wurin wani malami, ya ɗan taɓa karatun balaga, wato ilimin sarrafa magana. Bai yi nisa ba aka kira shi gida, amma ɗan abin da ya samo ya riƙe shi da kyau, ya haɗa da wanda kasuwa ta koya masa. In ciniki ya lafa sai ya zaunar da ni, ya ce mai son a bi maganarsa yana bukatar abu uku: mutane su yarda da shi kansa, maganar ta taɓa zuciyarsu, sannan ta zo da hujjar da hankali zai kama. Ni kuwa da na ji an ce uku sai in gyara zama. Duk abin da aka jera, ina ƙaunarsa.

Firamare kaɗai na yi, amma na fito da hali guda: komai sai an bi shi a jere. Kanwa ma jera ta nake a rumfa, manya a baya, ƙanana a gaba. Ko gaisawa nake da mutum, ban yarda a tsallake mutanen gida a tambayi aiki ba. Kawu ya sa mini suna Akawu, duk da ban taɓa zama a ofishin kowa ba a lokacin.

Sai abokina. Ɗan rugar nan ne, sa'ana, mun girma har mun fara tara gemu tare. Yana zuwa sayen kanwa ranar kasuwa, ya zauna a kan buhu ya yi ta kirana Kaɗo, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ni ina ce masa ɗan daji. Ban taɓa ganin ya ci abinci a gaban mutane ba, ko rogo ne. Mahaifinsa ya rasu, kabarinsa yana nan kusa da rugar. Mahaifiyarsa ta tsufa, ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni. Ita da mahaifiyata aminai ne na gaske, duk da rabin hirarsu da hannu ake yinta.

Na ƙarshe shi ne tsohon. Ƙanin mahaifin dagaci ne, kuma kowa ya san dagaci yana da kujera ne kawai, amma in tsohon nan ya ce a'a, an gama. Gajere ne, kakkaura, manomin doya da ba a yi kamarsa ba a yankin. Aibinsa ɗaya: ba ya karɓar shawara daga bakin kowa. Kawu ya taɓa ce masa ya ɗage rumbunsa daga kusa da gidan gara. Ya bar shi a nan har gara ta cinye ƙafafun rumbun ya faɗi, sannan ya sake gina wani a daidai wurin, don kada a ce ya ji maganar mai kanwa. Amma shi da kawu ba sa yini biyu ba su nemi juna ba.

To ga abin da ya faru. Bayan an haƙe doya, tsohon ya ware irin da zai shuka baɗi, ya tara shi a inuwar wata bishiya a gonarsa ya lulluɓe da kara, yadda suke yi. Iri ne da ya daɗe yana zaɓa yana tacewa. Hanyar da shanun rugar ke bi zuwa rafi kuwa ta tsakiyar gonakin doya ta ratsa. Ran nan bijimai biyu suka kaure da faɗa a kan hanyar, garken ya watse, kafin abokina ya tattaro su sun faɗa wa tarin irin nan. Wanda ba su ci ba sun tattake.

Ɓarnar ba ita ce ta ɓata lamarin ba. Abin da ya biyo baya ne. Kunya ta hana abokina zuwa. A wurinsu, in ka yi wa babba laifi mai nauyi, ba ka iya tsayawa ku haɗa ido. Sai ya zaɓi maraƙi mafi kyau a garken, ya ba wani maƙwabci ya kai wa tsohon. Shi a ganinsa ya kai matuƙar girmamawa. Tsohon kuwa, a al'adarsu, mai laifi da ƙafarsa yake zuwa ya durƙusa, ko da hannu wofi. Ya dubi maraƙin ya ce a mayar. Ya ce, "Ni zai aiko wa dabba ta yi magana da ni? Su tashi daga ƙasar nan."

Ranar kasuwa abokina ya zo rumfa. Bai zauna a kan buhunsa ba, ya tsuguna a gefe.

Ya ce, "Kaɗo, sun ce mu tashi."

Na ce, "Wa ya ce?"

"Ba a faɗa ba tukuna. Jibi za a faɗa a gindin ɗorawa. Amma ai ka san an gama."

"To kai me ya hana ka zuwa wurinsa da kanka?"

Ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da sandarsa. Ya ce, "Da wane idon zan dube shi? Abincin gidansa na shekara shanuna suka taka." Sannan ya ce, "Shanu za su iya zuwa ko'ina. Ni ma haka. Inna fa? Daga ɗaki zuwa inuwa ma sai na riƙe ta. Jiya ta ce in dai tashi ne, in kora shanun in tafi, in bar ta kusa da kabarin babana."

Kawu yana auna wa wata mata gishiri, bai ko waiwayo ba. Na ji haushinsa a raina.

Washegari da safe ya ɗauki ɗan buhun gishiri ya ce za shi zagaya gonaki ya sayar. Bai dawo ba sai la'asar, wandonsa duk ƙarangiya, gishirin kuwa kusan yadda ya fita da shi. Ya zauna a tsakar gida ya yi tari. Ya nuna maƙogwaronsa ya girgiza kai. Sannan ya yafito ni, ya kawo bakinsa kusa da kunnena ya raɗa mini, "Akawu, gobe kai za ka yi magana."

Mahaifiyata tana tankaɗe, ta ajiye rariya. Ta ce, "Yaya, wannan za ka tura gaban dattawa? Wanda in ya fara gaisuwa sai rana ta take tsaka?"

Kawu ya ɗaga mata hannu. Da raɗa ya jera mini maganar, kuma huɗu ce.

Na ɗaya, in amsa laifin gaba ɗaya, kada in kawo uzurin bijimai ko na kowa. In faɗi girman asarar fiye da yadda mai ita zai faɗa, sannan in bayyana abin da maraƙin yake nufi. Na biyu, in tuna musu da tsohuwar da ba ta iya tafiya, da zaman da aka yi tare, da yadda dawa take yi a duk gonar da shanu suka kwana da rani. Na uku, in nuna cewa matsalar ba mutanen ba ce, hanyar ce, in kuma tambayi tsohon, tunda ya fi kowa sanin ƙasar, ko akwai wurin da shanu za su zauna su sha ruwa ba tare da sun ratsa doya ba. Na huɗu shi ne amsar. Ashe yawon da kawu ya yi ke nan. Tsohon yana da wata gona a bayan dutse da ta gaji, ya bar ta, ba abin da ke fitowa sai ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa. Daga can akwai gangara zuwa rafi wadda ba ta taɓa gonar kowa ba, kuma ba ta da nisa da kabarin. In rugar ta koma can, shanu su yi wa gonar taki, tsohuwa ta zauna, doya ta huta.

Wallahi na ji daɗin tsarin nan kamar an ba ni sabuwar riga. Kowace magana tana riƙe da hannun ta gabanta, ta huɗun kuma ta zo ta rufe ƙofa. Na zagaya bayan gida na yi ta maimaitawa a gaban awakin mahaifiyata har magariba. Ta leƙo ta ce, "Sun yarda?" Na ce mata ba wasa nake ba. Ta ce, "Na ga jar akuyar ta tafi tun a na biyu."

Da hantsi muka isa gindin ɗorawa. Dattawa suna zaune a kan kututture, dagaci a tsakiya. Mata sun tsaya daga baya, wasu da itacensu a kafaɗa yadda suke ɗaukar kaya, sun fasa wucewa. Abokina yana can gefe, kansa a ƙasa. Tsohon ya zauna shi kaɗai a kan dutse da garmarsa a kan gwiwa, don kowa ya gane ba zama ya zo yi ba, gona za shi.

Da ya ga kawu ya naɗe wuya da rawani, sai ya ce, "Mai kanwa, yau ina bakin?" Hausarsa irin ta mutanen wurin ce, ba ruwanta da mace ko namiji, amma ba ka taɓa kasa gane nufinsa.

Kawu ya nuna maƙogwaro ya yi ɗan tari.

Tsohon ya bushe da dariya. Ya ce, "Allah ya yi mana maganinka. Yau za mu ji magana babu zuma a kai. To wa zai yi wa Fulani magana?"

Kawu ya turo ni gaba.

"Wannan? Ɗan makaranta?" Ya dube ni sama da ƙasa. Sai na ga ya sauke garmar daga gwiwarsa ya jingine ta. Ya ce, "To, yaro, faɗi mu ji."

Na tuɓe takalmi na tsuguna, kawu ya zauna dab da ni. Na gaishe su bi da bi, ban tsallake kowa ba. Sannan halina ya motsa, na faɗi abin da ba a sa ni ba. Na ce, "Iyayena, magana huɗu na zo da ita." Na ji kawu ya saki wani dogon numfashi a gefena, amma ban gane dalili ba.

Na fara. Na ce, "Na ɗaya, an yi wa Baba ɓarna, kuma ba ƙarama ba. Da doyar ci ce shanu suka taka, da sai a ce abincin wata guda ne. Wannan iri ne. Iri ne da Baba ya daɗe yana zaɓa da hannunsa, ba a sayen irinsa a kasuwa. Wanda ya taka shi ya taka shekarar da ba ta zo ba tukuna." Na ga tsohon ya gyaɗa kai. Na ce, "Maraƙin da aka aiko kuwa, Baba, ba raini ba ne. Dubi mai shanun can. Tun da muka zo bai ɗaga kai ba. Ni abokinsa ne tun muna yara, ko ruwa bai taɓa sha a gabana ba don kunya. Ya kasa zuwa ne saboda girmanka ya yi masa nauyi. Ya yi kuskure, don a ƙasarku yake, da al'adarku ya kamata ya bi. Amma kuskuren mai jin kunya ne, ba na mai girman kai ba."

Tsohon ya juya ya dubi abokina, ya daɗe yana dubansa.

Na shiga na biyu. Na yi maganar tsohuwa da abin da ta ce wa ɗanta. Na tuna musu cewa babu gidan da aka yi haihuwa a ƙauyen ba ta aika da man shanu ba, lokacin da ƙafarta ke kai ta. A nan na ji gunaguni daga wajen matan, wata ta sauke itacenta ƙasa. Na ce kuma duk wanda shanun nan suka kwana a gonarsa da rani ya san yadda dawarsa take wuce rufin ɗaki. Wani dattijo ya ce, "Wannan gaskiya ne," sannan ya dubi tsohon ya yi sauri ya rufe bakinsa.

Zuwa na uku tsoro ya sake ni, har na fara jin daɗin muryata. Na ce, "Ko an kori waɗannan, wasu za su zo, kuma ta wannan hanyar za su bi, don ita ce ta kai rafi. Hanyar ce mai laifi. Mu baƙi ne, ba mu san ƙasar nan ba sai inda kasuwa take. Baba ya san kowane dutse da kowane kwari. Shin duk faɗin ƙasar nan babu wurin da shanu za su kwana, su gangara su sha ruwa, ba su ga ganyen doya ba?"

Na ja numfashi. Na ɗaga yatsu huɗu. Na ce, "Na hu..."

Sai tari ya sarƙe kawu. Ba irin na ɗazu ba. Tari ne mai tayar da hankali, ya dunƙule yana bugun ƙirji, hularsa ta faɗi. Na juya a firgice na riƙe shi. Wata mata ta ruga ta kawo ruwa a ƙwarya. Ina ƙoƙarin ba shi, sai na ji ya damƙe wuyan hannuna da wani irin ƙarfi da ba na maras lafiya ba. Na dube shi. Idonsa a kaina yake, kuma babu ciwo a cikinsa ko kaɗan. Tarin ya lafa, amma bai sake ni ba. Na yi yunƙurin juyawa in ci gaba, ya nutsa mini farce.

Wurin ya yi tsit. Ba ku san azabar da na sha a shirun nan ba. Maganar tana bakina, a shirye, a goge, ita ce mafi kyau a cikin huɗun. Ga tambaya a rataye, ba wanda ya amsa. Na tabbata kawu ya ruɗe, ya kashe mu. Abokina ya ɗago ido ya dube ni, karo na farko a ranar, kamar yana cewa Kaɗo, me kake jira?

Tsohon yana ta kallon ƙasa yana murza haɓa. Can sai ya buga cinyarsa.

Ya ce, "Ku dakata. Ku duk kuna zaune nan kamar ba a ƙasar nan aka binne cibiyarku ba. Yaro baƙo yana tambaya, an rasa mai amsawa. Gonata na bayan dutse fa? Wanda na bari, wanda ƙuduji ya cinye? Ba ga gangara nan har rafi ba? Akwai doyar wa a can?" Ya dubi dagaci. "Kai, akwai doyar wa?"

Dagaci ya ce, "Babu, Baba."

"To! Su koma can. Shanu su kwana su yi mini taki. Tsohuwa ya zauna kusa da mijinta. Wannan abu a fili, amma sai ni zan gano muku. In na mutu ban san yadda za ku yi ba." Ya nuna abokina da yatsa. "Kai, ɗago kanka, zo nan." Abokina ya matso ya durƙusa. Tsohon ya ce, "Gobe in ka yi laifi ka zo da ƙafarka. Maraƙi bai iya gaisuwa ba. Iri kuwa zan nema wurin surukaina a Utako, kai za ka bi ni da takarkarinka ka ɗauko."

Abokina ya ce, "To, Baba." Ita ce kaɗai maganar da ya yi a taron.

Mutane suka fara motsi, ana dariya. Sai dagaci, wanda mutum ne mai lura, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ku tsaya. Ɗan makaranta, ka ce huɗu. Mun ji uku. Ina ta huɗun?"

Kowa ya juyo. Tsohon ma ya juyo, ya ɗan ƙanƙance ido. Abin mamaki, a nan kawu ya saki hannuna. Ya bar ni ni kaɗai da bakina.

Na san in na ce ita ce wadda Baba ya faɗa, to na ƙwace masa abinsa a gaban jama'a, kuma mutumin da ya sake gina rumbu a kan gidan gara zai iya janye maganarsa nan take. Na kuma san ban iya ƙarya ba, ba zan ce na manta ba. Na dubi abokina a durƙushe. Na ce, "Ranka ya daɗe, bayan maganar Baba ba ta da sauran aiki."

Tsohon ya washe baki. Ya ce, "Yaron nan yana da hankali. Ba kamar kawunsa ba." Ya saɓa garmarsa ya nufi gona.

Ni da kawu muka kama hanyar gida. Muna shiga tsakar gida sai ga jar akuyar nan ta tura kai cikin buhun gishiri. Kawu ya daka mata tsawa, "Ke! Fita, 'yar banza!" Muryar da ake ji daga ƙarshen kasuwa, ba ko kwarzane. Mahaifiyata ta zauna a kan turmi tana dariya har da hawaye. Ashe ta sani tun jiya.

Na ce, "Kawu, ƙarya fa ka yi."

Ya kwance rawanin daga wuyansa yana ninkewa. Ya ce, "Wa na yi wa? Na ce maka ba ni da lafiya? Wuyana na nuna, kuma nawa ne. Raɗa na yi. A wane littafin aka hana raɗa?"

"Tarin fa?"

"Farkonsa ne na aro. Daga baya ya zama na gaske, don yawu ya sarƙe ni. Na ɗauka zan mutu a kan Fulani."

Na tambaye shi me ya sa bai yi maganar da kansa ba. Ya ce da shi ya buɗe baki, tsohon ba zai saurari maganar ba, zai tsaya neman inda tarkon yake. Ya ce, "Kai kuwa fuskarka ba ta iya ɓoye komai. Duk wanda ya dube ka ya san abin da kake faɗa shi ne a cikinka." Na ce to me ya sa ya koya mini na huɗu alhali ya san ba zai bar ni in faɗa ba? Ya ce, "Don ka yi tafiyar wanda ya san inda za shi. Da na ce maka a uku za ka tsaya, da tun a na ɗaya an gan ka kana leƙen tsohon." Sannan ya daina dariya. Ya ce, "Akawu, aikinka ka kai mutum bakin ƙofa. In ka tura shi ciki, ɗakinka ne, zai fita. In ya shiga da kansa, nasa ne, kuma zai tsare shi ko da kai ne ka zo rushewa. Abin da na kasa shiryawa shi ne tambayar dagaci. Kai ka jawo ta da ƙidayarka, kai kuma ka fitar da kanka. Wannan ban koya maka ba."

Ban taɓa jin yabo daga bakinsa da ya kai wannan ba, amma duk da haka na yi kwanaki ina cin tuwo ba na kallonsa.

Rugar ta koma bayan dutse. A kan jaki aka kai tsohuwa, mahaifiyata tana riƙe da ita. Gonar ta farfaɗo, tsohon ya shuka dawa a rabinta ya bar musu rabi. Har ya bar duniya, duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya nuna masa, ya ba shi labarin ranar da gari guda ya rasa dabara sai shi. A gabana ma ya sha ba da labarin, yana cewa, "Ga shi nan, tambaye shi, yana wurin." Ni kuwa in ce haka aka yi. Da wasu matasa suka taso daga baya suna son a kori rugar, shi ya tsaya ya hana, don maganarsa ce. Tsohuwa ta yi sauran shekarunta a nan, aka binne ta kusa da mijinta. Bayan haka ne aka ce za a kawo babban birni, kowa ya watse. Abokina ya yi kudu da shanunsa, muna gaisawa ta bakin mutane har labari ya yanke. Wurin ɗorawar yanzu kwalta ce da ofisoshi, na sha wucewa ina ƙoƙarin gane daidai inda na tsuguna.

Na yi aikin kula da sito har na yi ritaya, kuma an sha kirana sulhu a unguwa. Har gobe ina ganin raɗar nan ta kawu ba ta miƙe sosai ba, ni ban taɓa yin irinta ba. Amma na auna na ga duk abin da aka faɗa a gindin ɗorawar nan gaskiya ne, kuma ba wanda ya tashi da asara. Ban taɓa ganin kawu ya yi amfani da bakinsa ya cuci wani ba. Abin da ya fi mini wuya, har yanzu da furfura, shi ne in san amsa in bar wani ya faɗe ta.

Jikar tawa da na ce muku, ta karanta mini jawabinta. Hujjojinta masu kyau ne, sai dai ta sa mafi ƙarfin a farko, ta ƙare da mafi rauni. Na gani tun a karatun farko. Na tambaye ta wace hujja ce ta fi so. Ta faɗa. Na tambaye ta, in alƙalai za su tashi, wace magana ce za ta rage a kunnensu? Ta ce ta ƙarshe. Na buɗe baki zan ce to ki juya su, sai tari ya zo mini. Ban san ko na gaske ba ne ko na gado.

Ta ruga ta kawo ruwa. Tana tsaye tana jira in sha, sai ta zaro ido ta ce, "Af! Kaka, bari!" Ta fizgi takardarta ta yi cikin gida tana kiran uwarta, wai ta zo ta ga dabarar da ta gano da kanta.

Na zauna da kofin a hannuna ban sha ba. Allah ya jiƙan kawu.